Amsa ga mai neman horon ƙwarewa a kan gigin tsufa da sauyin hali

Likita, ƙanena, da na karanta tambayarka a kan inda za ka ƙware a fannin cututtukan mantuwa da sauyin hali bayan jarrabawarka ta ƙarshe, sai na ji kamar ni na rubuta ta.

A Amurka hukumar UCNS, mai kula da ƙananan fannonin ƙwarewa a likitancin jijiyoyi, ce ke tantance wannan horo, yana ɗaukar shekara 1 zuwa 2, kuma ƙofarsa ta fi buɗewa ga wanda ya yi ƙwarewarsa ta jijiyoyi ko ta taɓin hankali a Amurka ko Kanada. Sai da na ɓata watanni ina aika takardu kafin na gane haka. Daga nan na juya ga shirin shekara guda na GBHI, wata cibiyar lafiyar ƙwaƙwalwa ta duniya, wanda ake yi a San Faransisko da Kwalejin Trinity ta Dablin. Ba horon duba marasa lafiya ba ne zalla, amma yana karɓar irinmu.

Abin da ya kayar da ni a karon farko shi ne rashin samun wasiƙar shaida daga shugaban sashenmu. Mako shida ina zarya, kullum sai ya ce in dawo gobe, kuma ranar da za a rufe karɓar takardu na zauna a ƙofar ofishinsa tun azahar har magariba, kafin aka ce mini ya yi tafiya. Daga baya na ji ya ce wai rikicewar tsoho shekaru ne kawai, ba abin da za a ɓata likita a kansa ba. Wallahi wannan magana ta fi rashin wasiƙar yi mini ciwo, domin a lokacin kakata ta daina gane 'ya'yanta, maƙwabta har suna cewa asiri aka yi mata.

Don Allah kada ka dogara da mutum ɗaya; ka nemi manya uku tun da wuri, ka kuma fara maganar hutun karatu yanzu. Ka karanta binciken Ibadan da Indiyanafolis kan gigin tsufa da aka fara a 1992. Gwajin MoCA na auna tunani da mantuwa, mai maki 30, yana sa mutum ya zana agogo, alhali tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba tana iya kasa zana shi ko da lafiyarta ƙalau, don haka ka riƙa rubuta abin da kake gani a asibitinku. Shi ne abin da na fi magana a kansa a ganawata da masu tantance masu neman shirin. Idan ka rubuta takardar bayanin kanka, turo mini in duba.