Leda da Shinkafa Ba Za Su Ceci Kyamararka Ba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai ɗaukar hoto ne a Argungu, da ƙaramar kyamarata nake ci da iyali, hoton biki da na suna. Bana ina so in ɗauki masunta daga cikin ruwan Matan Fada. Wanda ya sayar mini da ita ya ce in sa ta a leda biyu in ɗaure da roba, in ma ruwa ya shiga in binne ta cikin shinkafa. Gabana sai faɗuwa yake, don in ta lalace ba ni da wata. Yaya zan yi hoto ya fito?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Gara da gabanka ya faɗi kafin ka shiga ruwan. Maganar ledar nan ta ishe ni, kusan kullum sai an kawo mini kyamarar da ta kashe. Mai shago ya riga ya karɓi kuɗinsa, ranar da ta mutu ma kai ne za ka koma ka sayi wata a wurinsa.

Ruwa yana da nauyi. Kowace mita 10 da ka nutsa, matsin da ke kanka yana ƙaruwa da kwatankwacin na iskar da muke ciki a tudu. Ko a mita ɗaya leda za ta manne wa maɓallai, ruwa ya riƙa tsatsowa ta bakin ɗaurin. Ƙayar kifi ko igiyar homa ta taɓa ta, shi ke nan. In ma ba ta huje ba, iskar da ka kulle a ciki da zafin rana za ta yi raɓa a gilashi da zarar ta ji sanyin ruwa.

Shinkafa kuwa ta tuwo ce. Ruwan kogi yana shiga da laka, ruwan ya bushe lakar ta zauna a kan wayoyin ciki tana cin su. Wanda ya fi ba ni haushi shi ne mai kunna ta "don ya gani ko tana aiki". Kunnawar nan ce ke ƙona ta. In ta jiƙe, cire batir da kati nan take, ka kai wa mai gyara a ranar. Batirin da ya kumbura kada ka kuskura ka sa shi a caji, yana iya kama wuta.

Duba takardar kyamararka, ka ga lambar IPX, wato ma'aunin yadda take jure ruwa. IPX4 yayyafi kawai take ɗauka. IPX7 mita 1 ce na minti 30. Akwai waɗanda aka ƙera don ruwa, irin Olympus Tough TG-6 mai kai mita 15. In taka ba ta cikinsu, sai ka nemi akwatin da ake rufe kyamara a ciki don hana ruwa shiga, na ainihin samfurinta. Rayuwar akwatin tana ga zoben robar da ke bakin murfi: silin gashi ɗaya ko ƙwayar yashi ya isa ya buɗe wa ruwa hanya, ga kuma ƙurar hunturu. Goge zoben, ka shafa man da kamfanin ya bayar, ban da basilin. Sannan ka rufe akwatin babu kyamara, da tishu a ciki, ka danna shi cikin bokiti. Tishu ya fito a bushe, to bismillah.

Batun hoto bai da wuya. Kashe filasha, don tana kusa da gilashi, lakar da ke yawo a gabanka za ta haska, hoto ya cika da ɗige-ɗige fari. Matsa kusa, ƙasa da tsawon hannu, ka sa alamar fure ta ɗaukar hoton kusa, ka bar zuƙowa. Jira rana ta take, kuma ka ɗauka daga ƙasa kana kallon sama, sai gora da ƙafafun masunci su fito sarai a kan haske.

Amma ranar babban su, in dubban mutane suka auka Matan Fada, ko tafin hannunka ba za ka gani a ƙarƙashi ba. Ranar ka tsaya a saman ruwa, kyamara dab da fuskar ruwan, ka jira mai giwan ruwa ya ɗago. Hoton cikin ruwa kuwa, ka nemi izinin Sarkin Ruwa ka gwada wata rana da kogi ya kwanta, igiyar kyamara a wuyan hannu, da wanda ya iya iyo a kusa da kai.