Idan bene ya rufta kafin hukuma ta iso, ta ina 'yan agaji za su fara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mu 'yan agaji ne a Agege, mu goma sha biyu. Idan gini ya rufta da mutane, me za mu yi kafin jami'an LASEMA, hukumar ba da agajin gaggawa ta jihar Legas, su iso? Jama'a dai tono kawai suke yi.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa, Allah ya saka muku da alheri. Ku fara da kiran 767 ko 112, mutum ɗaya ya faɗi sunan layin da alamar da direba zai gane. Kun san cunkoson Legas, don haka sa'ar farko a hannunku take.

Ku naɗa shugaba guda, a ja igiya a mayar da 'yan kallo baya, a yanke wuta, a kawar da tukwanen gas. Wani ya ɗauki littafi da biro ya bi maƙwabta: su wa ke cikin gidan, a wane ɗaki, wa ya fita aiki? Wannan ya fi damuna, domin 'yan'uwanmu masu gadi da leburori sukan kwana a ginin da ba a gama ba, kuma ba wanda ya rubuta sunansu. Da benen nan mai hawa 21 ya rushe a Ikoyi ranar 1 ga Nuwamba 2021, ya kashe mutum sama da 40, an daɗe ana ruɗani kan yawan ma'aikatan da ke ciki. A tambayi mai shayin bakin layi, ya fi kowa sanin wanda ke kwana a ina.

Sai saurare, wanda shi ne ainihin nema. Ƙa'idar masu ceto ta duniya ita ce usur ɗaya mai tsawo, kowa ya yi tsit. Uku gajeru, kowa ya sauka da gudu. A kashe janareta da babura. Ku kewaye ɓaraguzan, mutum ɗaya ya buga rodi sau uku a kan kankaren, ya ce, "In kana ji na, ka ƙwanƙwasa!" Sauran su kara kunne a siminti. Duk wanda ya ji motsi ya nuna da hannu. Inda nunin mutum biyu ya haɗu, nan za a buɗe, da hannu da bokiti, ana miƙa wa juna. Kada ku yarda katafila ta hau wurin.

Wanda kankare ya danne wa ƙafa tsawon sa'o'i, kada a yi gaggawar ɗage masa. Idan aka ɗage, gubar naman da ya mutu kan kwarara cikin jini ta taɓa zuciya da ƙoda. Ku zauna kusa da shi kuna yi masa magana, har ma'aikacin lafiya ya sa masa ƙarin ruwa.

Da jami'ai sun iso, shugabanku ya miƙa musu littafin nan, ya nuna musu inda aka ji motsi.