Filin Tambaya da Amsa: Tayil a gareji, zai ɗauki mota da aikin ƙarfe kuwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya, barka da ƙoƙari. Ina da gareji a gida tsawon mita 6 faɗi mita 4, nan nake ajiye Corolla ɗina kuma nan nake ɗan taɓa gyare-gyare ranar Asabar da Lahadi, janareta ne, babur ɗin yaro ne, wani lokacin har 'yar walda. Matsalar dai fulo ɗin siminti ne zalla, kullum ƙura yake tayarwa, baƙin mai kuma duk ya yi masa dabbare-dabbare, uwargida ta ishe ni da mita wai muna kwaso datti zuwa falo. Mai tayil ɗina ya ce in sa fosilin, wato tayil ɗin nan mai tauri, wani abokina kuma ya ce wallahi asarar kuɗi ce rana ɗaya mota za ta farfasa shi. Don Allah wanne zan kama? Daga wani mai karatu a Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam Malam, mun gode. Toh ka kwantar da hankalinka game da nauyin mota, ba shi ne abin tsoro ba. Corolla ba ta wuce kilo 1,300 da 'yan kai ba, ka raba wa taya huɗu, kowace taya kuma roba ce mai laushi da ke baje nauyin, shi ya sa za ka ga wuraren sayar da sababbin motoci da yawa tayil ne a ƙasa kuma jif-jif suke hawa kai ba abin da ya same shi. Fosilin na gaske ana gasa shi a zafin da ya kai wajen digiri 1,200, ya fito a tsuke ba ya shan ruwa, ƙa'idarsa ma kada ya sha fiye da kashi 0.5 cikin ɗari na nauyinsa. Baƙin mai da giris da man birki ba sa shiga jikinsa, tsumma da ɗan omo shikenan.

Amma abokinka ma ba ƙarya ya yi ba, ya ga inda ya fashe ne, kuma kusan kullum laifin aiki ne ba na tayil ba. Ka san yadda wasu masu tayil ke yi don sauri da tsimin siminti, su ɗiga kwaɓi guri huɗu ko biyar a bayan tayil su danna su wuce, sama lafiya lau ƙasa kuwa rami ne. A ɗakin kwana zai iya shekara goma ba ka sani ba, a gareji kuwa ranar da taya ta taka gefen da ba komai a ƙarƙashinsa sai ka ji ƙas. Don haka tun kafin a fara ka gaya masa da gam ɗin tayil kake so a yi, irin wanda aka rubuta na fosilin ne a jikin buhu (za ka ga C2 a wasu, alamar gam mai ƙarfin kamu ce), saboda fosilin tunda ba ya shan ruwa siminti da yashi zalla ba sa kama shi da kyau. A shimfiɗa gam ɗin a ƙasa da cokali mai haƙora, a kuma shafa ɗan siriri a bayan tayil ɗin kansa, a danna a buga da gudumar roba. Kai kuma ka tsaya a kai, ka ce a ɗaga maka guda ɗaya da aka manna yanzu-yanzu ka ga bayansa, in ba duka ya cika da gam ba a sake. Washegari ka zagaya da sulalla ko kan sukundireba kana ƙwanƙwasawa, duk wanda ya yi ƙara kamar ganga a cire shi tun mai aikin bai karɓi cikon kuɗinsa ba.

Sai fulo ɗin da ke ƙasa, wanda ni shi ya fi damuna a tambayarka. Ka ce baƙin mai ya jiƙa shi, toh gam ba ya kama mai ko kaɗan, dole a wanke da sabulu mai ƙarfi a sassare wuraren da man ya nutse har a tarar da siminti mai tsabta. In kuma fulo ɗin irin wanda aka yi wa ƙarancin siminti ne, yana burtsewa da ka goga takalmi ko ya tsattsage, gara a fasa a zuba sabon kankare, a shimfiɗa leda a ƙasa saboda danshin damina, sannan a bar shi ya yi kwana 28 aƙalla kafin a ɗora komai. Tsagar da ke cikin kankare tana bin tayil ta fito sama. A kuma yi masa ɗan gangare zuwa ƙofa, santimita 1 a kowace mita ya isa, don ruwan da mota ta shigo da shi ya san hanyar fita.

Wajen saye, kada ƙyalli ya ja ka. Wannan mai sheƙin da ake sa wa a falo, in ruwa ko ɗigon mai ya hau shi kana ɗauke da batir a hannu, Allah ya kiyaye. Kuma gogewar da ake masa don ya yi ƙyalli tana buɗe ƙananan ƙofofi a fuskarsa, sai ya fi marar ƙyallin saurin riƙe tabo. Ka nemi marar sheƙi mai ɗan kaushi, a jikin kwali ana rubuta ma'aunin santsi daga R9 zuwa R13, na Jamus ne, R10 ko R11 shi ne daidai da kai, wanda ya wuce haka kaushinsa ya yi yawa sharewa za ta zame maka aiki. In mai fenti ne a sama ka duba PEI, wato ma'aunin yadda fuskarsa ke jure gogewa, ya zama 4 ko 5. Wanda ya fi duka shi ne wanda 'yan kasuwa ke ce wa ful bodi, launinsa ɗaya ciki da waje, ko ya ɗan gutsure ba za a ga fari ya leƙo ba. Kauri kada ya gaza milimita 9 zuwa 10. Launi kuwa toka-toka mai ɗigo-ɗigo, fari zai tona maka asiri da sawun taya, baƙi kuma ƙurar hunturu za ta hana ka sakat, ga shi in ƙaramin noti ya faɗi a kai sai ka yi ta lalube.

A kasuwa, ko Dei-Dei ta Abuja ka je ko shagunan garinku, ba duk abin da aka ce maka fosilin ne fosilin ba. Juya bayan tayil ɗin ka ɗiga ruwa ka jira minti biyu uku, in ya tsotse ya bar duhun danshi siramik ne, wato tayil na gama-gari mai shan ruwa, in ruwan ya tsaya yana kallonka toh shi ne.

Lissafi: 6 sau 4 sikwaya mita 24 ke nan, ƙara kashi 10 cikin ɗari na yanka da ɓarna, ya zama 26 da rabi kusan. In santimita 60 da 60 ne mai guda huɗu a kwali, kwali ɗaya sikwaya mita 1.44, kwali 19 ke nan, ni da ni ne 20 zan saya in ɓoye ragowar, saboda bayan shekara biyu da wuya ka sake samun launin. Ni ma na fi son 40 da 40 ko 30 da 30 a gareji, sun fi sauƙin cikawa da gam kuma in ɗaya ya fashe canjinsa ba tsada. A bar layi milimita 3 tsakani, a bar 'yar tazara jikin bango sikatin, wato tayil ɗin gindin bango, ya rufe ta, kada a matse su ƙam don zafin bazara yana sa su buɗa su tashi tsaye. Layin kuma kada a cike da farar siminti, sati ɗaya mai zai mayar da ita baƙa, a sa ifoksi, wato wani irin gam mai tauri da mai ba ya ratsa shi, in aljihu zai ɗauka, in ba haka ba a cike da abin cike layi mai duhu. Mota kuma ta kwana waje kamar sati guda bayan an gama.

Abin da tayil ba ya yafewa shi ne ƙarfe. Guduma ko babbar sufana ta suɓuce daga kan tebur tana iya gutsure shi, jak mai tayoyin ƙarfe yana tara nauyi a ɗan wuri, don haka kullum ka sa faifan katako a ƙarƙashinsa, gaban teburin aiki kuma ka shimfiɗa tabarmar roba mai kauri. Walda da gurenda su ne masu muni, tartsatsin yana narkewa ya manne a fuskar tayil ya bar ɗigon tsatsa da ba ya fita. Shawarata ka ware lungu ɗaya kusa da ƙofa, mita 2 da 2 haka, ka bar shi kankare zalla don walda da dukan ƙarfe, sauran ka sa tayil ɗinka, sai ka rage sikwaya mita 4 ɗin nan daga lissafin da muka yi. In kuma ka san waldar ce ta fi yawa a aikinka to ka bar maganar tayil gaba ɗaya, a goge kankaren a shafa masa fentin ifoksi ko a yi tarazo, shi ma zai kashe maka ƙurar.