Kafin uwargida ta sa hannu a takardar kamfanin mai

Wani ɗan kasuwa mai turo motoci daga Houston zuwa Kwatano ya rubuto mini. Matarsa Ba'amurkiya ce, ita da 'yan'uwanta sun gaji haƙƙin ma'adinan wani fili a gundumar Reeves ta jihar Texas, rabonta eka 10. Kamfanin mai ya aiko da takardar gyaran tsohuwar yarjejeniyar hayar da mahaifinsu ya yi, da alkawarin dala 3,000 in ta sa hannu cikin mako biyu. Wanta ya ce shi ya riga ya sa hannu, yana so ita ma ta sa. Tambayarsa: ya zuba kuɗin a mota, ko ya jira kuɗin mai ya fara shigowa ya buɗe babban filin sayar da motoci?

Alhaji, kana lissafin motoci alhali ba ku ga takardar da ake so a gyara ba. Na karanta wasiƙarka sau biyu, ban ga inda ka ce tsohuwar yarjejeniyar tana hannunku ba. Abin da na gani shi ne "yayanta ya ce". Kai da ba ka sayen mota sai ka duba lambar shasi, yaya za ka bar iyalinka ta sa hannu a kan maganar wanta? Ban ce macuci ba ne. Mai yiwuwa shi ma dillalin kamfanin, wanda suke kira landman, ya kira shi ya yi masa daɗin baki. Amma sa hannunsa rabonsa kaɗai ya ɗaure.

Kamfani ba ya biyan kuɗi don abin da yake da shi. A Najeriya man ƙasa na gwamnatin tarayya ne, a Texas kuwa mutum na iya mallakar abin da ke ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa suka zo ƙofarku. Tsofaffin takardu yawanci sun ƙayyade eka 40 ne za a haɗa wa rijiyar mai, 640 wa ta gas. Rijiyoyin yau kuwa a kwance ake haƙa su, su yi tafiyar mil biyu a ƙasa, sai an haɗa filayen mutane da yawa. Texas kuma ba kamar Oklahoma ba ce, da wuya a tilasta wa mai fili shiga haɗakar. Su ke da buƙata, su ke da sauri. Mako biyun nan dabarar ciniki ce.

Na taɓa zama da wata baiwar Allah da ta karɓi dala 1,500 ta sa hannu a takarda mai shafi ɗaya. Can ƙasa akwai layi guda da ke cewa ta tabbatar tsohuwar haya tana nan daram. Ashe rijiyar ta daɗe da kafewa, hayar ta mutu, da ta yi haƙuri sabuwa za a rubuta da sabon farashi. Da hannunta ta tayar da gawa, ta koma kan kaso ɗaya bisa takwas na kuɗin man da aka haƙo, kamar a zamanin kakanta, maƙwabtanta suna karɓar ɗaya bisa huɗu. Ta zo da takardar a cikin ambulan ɗin da aka aiko ta, tana tambaya ko akwai gyara. Babu.

Ga ƙiyasi. Eka 10 cikin haɗakar eka 640, rijiya na ba da ganga 500 a rana, ganga dala 70. A kan ɗaya bisa takwas, wajen dala 2,000 ke nan a wata. A kan ɗaya bisa huɗu, 4,000. Bambancin wata biyu ya haɗiye dala 3,000 ɗin da ta ɗauke maka hankali. Wannan ma kafin harajin jiha na kashi 4.6 cikin ɗari a kan mai, da kuɗin bututu da tace gas da kamfani zai zabtare in takarda ba ta hana shi ba. Irin rijiyoyin nan kuma sukan zubar da fiye da rabin ƙarfinsu a shekarar farko, don haka maganar babban fili ka ajiye ta. Dukiyar ma ta uwargida ce, ka tambaye ta tukuna.

Ku nemi kwafin tsohuwar hayar a ofishin magatakardan gunduma da ke Pecos. In taƙaitaccen bayani kawai aka yi wa rajista, kamfanin ya ba ku cikakkiya. Ku duba shafin Railroad Commission, hukumar da sunanta na jirgin ƙasa ne amma mai take sa wa ido, ku ga ko rijiyar tana aiki wata-wata ba yankewa. Sannan ku kai wa lauyan harkar mai, wanda ba kamfanin ne ya nuna muku shi ba. In hayar na raye, ku nemi ƙarin kaso, a hana zabtare kuɗin bututu, a saki duk ekar da ba ta shiga haɗakar ba. In ta mutu, a zauna sabon ciniki daga farko. Idan wanta ya sake kira, ta ce masa takarda na wurin lauya.