Da gaske ne ƙwaya na buɗe wa marubuci basira?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni ɗalibi ne, ina rubuta waƙoƙi da gajerun labarai. Wani yayanmu a harkar rubutu ya ce min manyan marubutan Turawa duk da ƙwaya suka yi suna, na biye masa na fara shan kodin. Yau wata takwas ke nan, in ban sha ba ko layi ɗaya ba na iya rubutawa. Tsorona in na daina basirar ta tafi gaba ɗaya.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Yayan naka rabin labari ya ba ka, ya ɓoye sauran.

Gaskiya ne an yi marubuta mashaya. Wanda aka fi kafa hujja da shi shi ne Coleridge, mawaƙin Ingila. A zamaninsa ofiyam, wani abin maye da ake samu daga wani tsiro, in an jiƙa shi a barasa maganin ciwo ne da kowa ke saye a kanti, sai a 1868 doka ta fara taƙaita sayar da shi. Shi ma ciwon jiki ne ya kai shi. Ya ce waƙarsa Kubla Khan a mafarki ta zo masa bayan ya sha maganin, ya farka ya rubuta layi 54, baƙo ya yi sallama, sauran ta ɓace. Nan masu ba da labarin ke tsayawa. Ba sa faɗa maka cewa a 1816 da kansa ya tare gidan wani likita, James Gillman, don a riƙa auna masa abin da zai sha, kuma bai bar gidan ba har ya mutu a 1834. Shekara 18 babban mutum yana zaman gidan wani. Kodin ɗin da kake sha daga tsiro ɗaya suka fito da ofiyam ɗin nan.

Baudelaire na Faransa ya ɗanɗana hashis, ɗan'uwan wiwi, amma hukuncin da ya yanke a 1860 shi ne ba ya ƙara wa mutum abin da babu a cikinsa, sai dai ya kashe masa himmar aiki. Stephen King na Amurka kuwa cewa ya yi akwai littafinsa guda da da ƙyar yake tuna ya rubuta shi, saboda maye.

Wannan magana ta "ƙwaya na kawo basira" na gaji da jin ta, wallahi. Mawaƙi ya faɗa min, ɗalibi mai jarrabawa ya faɗa min. Abin da kodin ke yi shi ne ya kwantar da fargabar nan da ke ce maka rubutunka bai yi kyau ba. In ta yi shiru sai ka ga duk abin da ka zuba a takarda zinare ne. Wani yaro ya taɓa kawo min littafin da ya cika a dare ɗaya, yana ta murna. Muka buɗe tare, baiti ɗaya ya maimaita a shafi huɗu, rubutun yana gangarowa ƙasa kamar sawun kaza. Shi kansa ya kasa karantawa.

Kasa rubutun da kake yi in ba ka sha ba, jikinka ne ya saba. Hamma, majina, ciwon gaɓoɓi, gudawa, rashin barci: wa zai tsara waƙa a haka? Mafi tsananinsa kwanaki ne, yana wucewa.

Abin da ke ɓata min rai, tun 2018 gwamnatin Najeriya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi, amma ga shi kai ɗalibi kana samu wata takwas a jere. Kada ka koma wa mai kemis ɗin ya ce ka canza zuwa tiramol, gudun gara ne a faɗa gidan zago, ga farfaɗiya da yake jawowa. Kada kuma ka yarda a kai ka inda ake ɗaure mutane da mari. Ka je asibitin ƙwaƙwalwa, kamar na Dawanau a Kano, ko na Barnawa a Kaduna, ko na Kware a Sakkwato, ka faɗa wa likita gaskiyar kwalba nawa kake sha a rana, kada ka ɓoye masa. Ka tafi da waƙoƙin da ka rubuta kafin ka fara sha, ku duba su tare da na yanzu.