Tambayoyi da Amsoshin Lafiya: Askin Wanzami da Aska

Tambaya: Likita, shin gaskiya ne yawan aski da aska yana sa gashi ya ƙara kauri? Daga wani ɗalibi, Ƙofar Marusa.

Amsa: Ba gaskiya ba ne. Aska tana yanke gashi ne a saman fata, ba ta kaiwa ga saiwarsa, kuma kaushin da kake ji na bakin gashin da aka datse ne kawai.

Tambaya: Na daina zuwa shagon aski na koma wa wanzamin gidanmu, domin rashin wuta da tsadar fetur sun sa kuɗin aski ya tashi, ga shi wanzami har zaure yake iske ni, kuma ƙwal-kwabonsa ya fi fita tas. Ko akwai illa? Daga wani magidanci, Ƙofar Guga.

Amsa: Malam, dalilanka duka masu ƙarfi ne, kuma na san magidanta da dama a Katsina da suka koma saboda irinsu, wasu kuma don zumuncin da ke tsakanin gidansu da gidan wanzamin tun kaka da kakanni. Ita aska ba ta da laifi. Abin da ke damuna shi ne kawunan da ta bi kafin ta iso naka. Ka lura da kyau ranar da ya zo: zai zaro ta daga zabira, ya wasa ta a jikin fata, ya goge a tafin hannunsa, sannan ya ɗora maka. Wannan yana sa kaifi, amma ba ya kashe ƙwayar cuta ko ɗaya.

Mutane sun fi tsoron ƙanjamau, alhali ciwon hanta nau'in B ya fi ta saurin yaɗuwa ta jini nesa ba kusa ba, domin ƙwayarsa tana iya rayuwa a busasshen jinin da ido ba ya gani har kwana 7, ko ma fiye. Mai ɗauke da ita kan yi shekaru garau, ba ciwon shawara ba zazzaɓi, sai hanta ta lalace ko ta kamu da kansa sannan a kawo mana shi ciki a kumbure. Shafa sifirit sau ɗaya ko ɗan haska wa aska wutar ashana bai wadatar ba, kuma haka batun yake ga kilifar shago, don ita ma tana yanka.

Saboda haka ka sayi askarka, ka ajiye ta a gida, kada ko ɗan'uwanka na ciki ɗaya ya taɓa ta. A wanke ta da sabulu bayan kowane aski, a tafasa ta minti 20, a busar. Wanzamin kirki ba zai ji haushi ba. Sannan ka je asibiti a gwada jininka. Idan ba ka ɗauke da cutar, a yi maka rigakafi, allura uku cikin wata 6. Idan kuwa kana da ciwon suga, kowane yanka da ya ƙi warkewa ka kai shi asibiti, kada ka jira.

Tambaya: Ƙuraje sun cika mini ƙeya bayan aski, abokina ya ce in shafa man birki ko baƙin mai. Daga wani matashi, Daura.

Amsa: Subhanallahi! Ɗana, ƙeyarka ce ko injin mota? Waɗannan abubuwa ƙona fata suke yi, su bar maka tabo mai tudu wanda ya fi ƙurajen wuyar magani. Gashinmu mai murɗewa ne, idan aka aske shi har ƙasa yakan lanƙwashe ya soki fata. Ka dakatar da askin wurin na wasu makonni, ka daina matsa su, ka je a duba ka, musamman idan suna fitar da mugunya.

Tambaya: Surukata ta ce ranar suna, bayan aski, dole wanzami ya cire wa jaririna beli. Daga wata uwa, Rafindaɗi.

Amsa: Askin suna a yi shi da sabuwar reza, a hankali, musamman wajen maɗiga. Amma beli, 'yata, kada ki yarda. Halitta ce da kowa ke da ita, ba ta hana shan nono, ba ta kawo amai, kuma yanke ta kan jawo zubar jini, tetanus da ciwon hanta ga jaririn da jininsa duka bai cika kofin shayi biyu ba. Ki sa maigidanki ya yi wa mahaifiyarsa bayani cikin ladabi, ko ku zo da ita asibiti mu yi mata da kanmu. Ki tabbata an yi wa yaron allurar hanta ta ranar haihuwa, da na mako 6, 10 da 14. Idan kuma an riga an yanke, kika ga jini, zazzaɓi ko ya ƙi kama nono, ki kawo shi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.