Daga GML zuwa C#, kar ka ji tsoro

Ɗan uwa ka tambaya ko wahalar da ka sha a GML, yaren rubuta shiri na manhajar haɗa gem ta GameMaker, ta tashi a banza in ka koma C#, yaren da ake amfani da shi a manhajar haɗa gem ta Unity. Wallahi ba ta tashi ba. Create event ɗinka na GameMaker, mai aiki sau ɗaya in an ƙirƙiri abu a gem, kusan shi ne Start() a Unity, Step kuma, mai maimaituwa a kowane frame (kowane sabon hoton allo), shi ne Update().

Inda za ka ɗan sha fama, a C# variable, wato ma'ajiyar bayani, in ka ce int ne (cikakkiyar lamba) to int zai zauna, ka zuba masa rubutu kawai eror zai fito. Ni Time.deltaTime, wato lokacin da ke wucewa tsakanin frame da frame, ya fi ba ni ciwon kai, na manta ban sa shi a lissafin motsi ba sai ɗan wasan ya riƙa gudu daban a waya daban a kwamfuta.

Ka fara sake gina ƙaramin gem ɗin da ka taɓa yi tukuna, manhajar Unreal da yarenta C++ su jira.